Sunan da Na Goge a Shafin Tica Istifanus

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da tsufa zai kwashe min sauran ranakun da na yi a duniya. Ranar ce aka haska abin da na aikata a jikin bango da majigi, kowane harafi ya kai tafin hannu, ni kuma ina zaune a layin gaba cikin shaddata ta Sallah. Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin aka yi, da na san yadda zan rama, don a wannan fannin ban taɓa neman taimako ba.

Gyaran kwamfuta nake yi a wani ɗan shago a Liman Abaji, nan cikin Keffi. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya (kada a ɗora wa talauci duka laifin, taurin kaina ma ya ba da gudummawa). Da rediyo na fara, na koma bidiyo, da kwamfuta ta shigo gari na bi ta. Yau shekara ashirin da wani abu hannuna yana cikin cikinta. Malaman jami'a, da ma'aikatan nan masu kwana a Keffi su yi sammakon Abuja, duk ni suke kawo wa in tasu ta ƙi tashi. A cikin shago sunana Injiniya. In mun haɗu a wajen ɗaurin aure kuwa, sai ka ji an ce "wannan mai gyaran nan". Abin ya daɗe yana ci min rai, ba zan ɓoye ba.

Akwai wani shafi a intanet da masu sha'awar kwamfuta suka kafa da kansu. Ba na kamfani ba ne, ba na gwamnati ba, na duk wanda ya yi rajista ne, kuma da Hausa ake rubutu. A nan ake tara ƙananan manhajoji na kyauta da mutum zai sauke ya ɗora a kwamfutarsa: wadda ke dawo da abin da aka goge, wadda ke auna lafiyar ma'ajiyar kwamfuta, wadda ke sa tsohuwar kwamfuta ta daina nishi. Kowace manhaja da bayanin yadda ake aiki da ita, kuma kowa na iya gyara bayanin kowa. Kowa da sunan da ya zaɓa wa kansa. Ni na sa Injiniyan Gaske (eh, na sani, ba sai an faɗa min ba).

Wanda ya kai ni shafin shi ne Tica Istifanus (a can Tica Isti yake amfani da shi), malamin firamare, mutumin Gitata da ke zaune a Jigwada da iyalinsa. Mun haɗu ne ranar da ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta a bayan mashin, wadda aka ba makarantarsu kyauta don an gaji da ita. Na tayar da ita. Tun daga ranar, in an tashi makaranta sai ya zo ya zauna a bencin shagona da ɗan littafinsa da biro, yana kallon hannuna yana tambaya kamar ɗan sanda.

"Oga Injiniya, me ya sa kake goge bakin wannan da robar fensir?"

"Tica, in likita na aiki ba a tambayarsa."

"Likita yana da takarda a bango. Kai kalandar mai sayar da batir ce a naka."

Shi kaɗai ne zai faɗa min haka in yi dariya. Na san ba raini ba ne, don duk abin da na faɗa sai ya rubuta. Daga waɗannan tambayoyi ya haɗa wani dogon bayani a shafin, mai suna "Yadda ake tayar da tsohuwar kwamfuta". Wace manhaja za ka fara ɗorawa, wace za ka guje wa, me za ka duba kafin ka ce ta mutu. Mutane daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba suna karantawa suna godiya. Shekara da shekaru yana ƙara masa abu.

Ya sha ce min in rubuta nawa. "Kanka cike yake, Oga. In ka mutu da shi tururuwa ce za ta ci."

"Kai dai rubuta. Ni hannuna na sukurdireba ne."

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Baki ina da shi, amma in na zauna zan jera magana a rubuce sai ta watse min kamar an kwance buhun gero. Abin da na iya a shafin shi ne amsa tambaya da layi ɗaya, galibi da faɗa.

Sai ga shi shi ya riga ni. Rashin lafiya ta 'yan kwanaki, a tsakiyar damina. Na je Gitata wajen binne shi, na zauna a bencin baya na cocinsu, ko waƙoƙin ban sani ba. Matarsa, Maman Rifkatu, ta gan ni ta ce, "Baban Sadiya, abokinka ya gudu ya bar ka." Na ce mata Allah ya ba da haƙuri. Na fi wata ban bar kowa ya zauna a wannan benci na shago ba. Ina faɗin wannan ne don a san ba ƙinsa nake yi ba. Abin da na yi daga baya, aboki na yi wa.

Bayan wasu watanni Malama Hajara, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare kuma take cikin masu kula da shafin, ta sanar cewa ana neman mutum ɗaya daga Keffi ya shiga cikinsu. Sunansa zai hau fuskar shafin, shi zai riƙa duba abin da sababbi suka rubuta, kuma shi zai jagoranci ajin da za a riƙa yi duk wata. Ba albashi, ba komai. Amma ni da na karanta sai na hango kaina a wurin. Mutumin da bai gama sakandare ba, ya tsaya gaban allo, masu digiri na zaune suna rubuta abin da ya ce. Ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so wannan kujera ba.

Sharaɗi ɗaya ne: sai wanda yake da bayani aƙalla ɗaya da shi ya fara rubuta shi a shafin. Sabo mai kafen intanet, wanda shagonsa ke kallon nawa, yana da guda uku. Gajeru ne, kuma rabin abin da ke ciki a bakina ya ji, amma sunansa ne a ƙasa. Ni ko ɗaya.

"Injiniyan Gaske," in ji shi daga tsallaken titi, "ko in ara maka ɗaya?"

Kwana uku ina ƙoƙarin rubuta nawa. Na samu layi huɗu, na karanta, ni kaina ban gane ba. Ranar ta huɗu bayan la'asar, ba kowa a shago, na buɗe bayanin Tica. Na yi ta gangarawa har can ƙasa, inda aka rubuta: "Wanda ya fara wannan rubutu: Tica Isti." Na daɗe ina kallon layin. Shaiɗan bai ma sha wahala da ni ba, ni na yi masa aikin. Na ce ai ilimin nawa ne. Na ce wa ya nuna masa robar fensir? Na ce mamaci me zai yi da suna a intanet? Na ce da yana raye ma ba zai damu ba. Na danna wajen gyara, na goge sunansa harafi bayan harafi, na sa nawa.

Kafin shafin ya karɓi gyara yakan fito da wani ɗan akwati mai tambaya: "Me ka gyara?" Na rubuta, "Ɗan kuskure." Na adana. Na tashi na rufe shago da wuri.

A saman kowane bayani akwai wani maɓalli da aka rubuta "Tarihi". Na gan shi ya fi sau dubu. Ban taɓa danna shi ba, don mu masu gyara ba ma taɓa abin da bai lalace ba. Wannan ita ce iyakar uzurina, kuma na san ba ta kai ta biya kuɗin mashin ba.

Mako biyu bayan haka Malama Hajara ta kira ni. "Baba Injiniya, ka tabbata ka zo taron Asabar. Akwai maganarka." Na ce shi ke nan, ta ga sunan. Na sa uwar Sadiya ta fito min da shaddar Sallah. Ta tambaye ni ko ɗaurin aure ne, na ce ya fi.

A wani aji aka yi taron, a wata makaranta da ke Jigwada, da hantsi. Mutum talatin ko fiye, ɗalibai da malamai da masu kafe, janareta na kuka a waje, an saita majigi yana haska bango. Aka kai ni layin gaba. Ina zama sai na ga wadda ke kusa da ni: Maman Rifkatu ce, da ɗankwalinta baƙi da jakarta a cinya. Ba wanda ya gaya min an gayyace ta.

"Baban Sadiya, ka ɓuya."

"Aiki ne, Madam. Ya yara?"

"Suna nan. Rifkatu ta ce in gaishe ka. Sun ce yau za a nuna aikin babansu."

Na lallashi kaina. Bayanin dogo ne, sunan yana can ƙasa, wa zai gangara har can?

Bayan addu'a ta ɓangare biyu, Malama Hajara ta tashi. Ta ce kafin a zaɓi kowa, za a tuna da mutumin da ya fi kowa yi wa shafin hidima a Keffi. Ta buɗe bayanin Tica a bango. Sai na ga kibiyar kwamfutar ta haura sama, ta tsaya a kan wannan maɓalli, ta danna.

"Ga sababbinmu," in ji ta, "wannan shafi ba ya mantuwa. Duk wanda ya taɓa ko da waƙafi ne, nan ana rubuta sunansa da ranar da abin da ya ce ya gyara. Bari mu fara daga ƙasa, daga ranar farko."

Jeri ne dogo, layi a kan layi, kusan duka Tica Isti. Gefen kowane layi ga abin da ya rubuta a ɗan akwatin nan. Ni na ɗauka akwatin shirme ne, abin da ka rubuta iska ke ɗauka. Ta fara karantawa da ƙarfi.

"Na ƙara maganar robar fensir, Injiniyan Gaske ne ya nuna min."

Ta hau gaba. "Na cire abin da na rubuta jiya, Injiniya ya ce shirme ne, kuma na gwada na ga shirmen ne."

Aji ya yi dariya. Maman Rifkatu ma ta yi, ta share ido da bakin zane.

"Manhajar auna ma'ajiya, Injiniya ya ce a fara da ita kafin komai." Wani layin kuma: "Wannan sashe duka na Oga Injiniya ne, ni biro ne kawai."

Haka ta yi ta hawa. Sunana, sunana, sunana, shekara bayan shekara, da hannun mutumin da ke kwance a Gitata. Bai taɓa gaya min ba. Ko kuma ya ɗauka na sani, don wane irin injiniya ne bai san da wannan maɓalli ba?

Malama Hajara ta juyo ta ce masu kula da shafin sun zauna tun watan jiya sun duba wannan tarihi, sun yanke cewa duk da Baba Injiniya bai fara wani rubutu da sunansa ba, wannan ya isa ya cika masa sharaɗi. Aka tafa. Wani malamin jami'a da ya taɓa ce min "mai gyaran nan" ya miƙo hannu ta bayana ya dafa kafaɗata ya gaishe ni. Kujerar ta zama tawa, zaɓen sai dai na cika al'ada. Tun kafin in taɓa komai, ashe tawa ce.

Da a nan ta tsaya.

"Kai, ga ma wani sabo a sama ban gani ba," in ji ta. "Mako biyu da suka wuce. Injiniyan Gaske, ɗan kuskure. Kun ga abota? Har bayan rasuwarsa bai bar aikin abokinsa ya lalace ba. Bari mu ga abin da ya gyara."

"Malama, bar shi," na ce. Muryata ta fito kamar ta wani. "Ba wani abu ba ne."

"Kawaici ne irin na manya," ta ce wa aji tana murmushi. Ta danna.

Bangon ya rabu biyu. Hagu ja, dama kore. A cikin jan: Tica Isti, da layi ya ratsa tsakiyarsa. A cikin koren: Injiniyan Gaske. Babu wani abu kuma. Ko waƙafi ɗaya ban gyara ba da zan fake da shi.

Ban taɓa sanin janareta na da ƙara haka ba. Malama Hajara ta tsaya da hannunta a kan tebur, murmushin bai gama sauka daga fuskarta ba. Na ji hannun malamin nan ya janye daga kafaɗata a hankali.

Maman Rifkatu ta ɗan matso gaba tana ƙanƙance ido. "Wannan sunan Baban Rifkatu ne, ko? Me ya sa nasa ya yi ja?"

Ta sake tambaya. Sabo ne ya amsa daga baya, kuma in faɗi gaskiya, ba da izgili ya yi ba, a hankali ya ce, "Ja an cire ke nan, Mama. Kore kuma an sa."

Ta juyo ta dube ni. Na so ta yi kuka, ko ta tsine min da yarensu. Sai kawai ta ce, ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai da na kusa za mu ji, "Baban Sadiya, ai da ka tambaye shi da ya ba ka. Ka san shi."

Na buɗe baki. Duk hujjojin nan da na jera a shago, ilimin nawa ne, mamaci me zai yi da suna, na neme su na rasa ko ɗaya. Namiji mai shekara hamsin da 'yan kai, mai jika, ina kallon takalmina.

Malama Hajara ta yi gyaran murya. Ta ce da dannawa ɗaya za ta iya mayar da shi yadda yake, amma al'adar shafin ita ce in wanda ya ɓata yana kusa, shi ake ba dama ya gyara. Ta ja kujerar gaban kwamfutar baya. Ba ta kira ni Baba Injiniya ba, ba ta kira ni komai ba.

Taku biyar ne daga inda nake zuwa teburin. Na zauna. Duk abin da na danna yana fitowa a bango, har kuskuren yatsuna. Na goge sunana. Na rubuta nasa, sai da na yi sau biyu. Na danna adanawa, sai ga ɗan akwatin ya fito, ƙato a jikin bango, yana tambayata a gaban mutum talatin da matar mamaci: "Me ka gyara?"

Daga ƙarshe na rubuta da yatsa biyu: "Na mayar da sunan mai shi. Ni na cire." Wannan ne rubutu mafi tsawo da na taɓa yi a shafin ba tare da faɗa ba.

Ban jira zaɓen ba. Na fita ta gefen janareta na tari mashin. Da yamma na ji Sabo aka ba kujerar. Washegari ya tsallako titi ya shigo shagona ya ce, "Kai fa kake gaya wa kwastoma kullum cewa abin da aka goge bai tafi ko'ina ba." Na ce ya fita. Ya fita. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa.

Sai da na yi mako guda kafin na iya zuwa Jigwada. Na tarar da Maman Rifkatu tana tsince wake a tsakar gida. Ta ba ni kujera, ta sa aka kawo ruwa. Na ce na zo neman gafara. Ta ce, "Ni na yafe tun a can. Amma ba ni ka yi wa ba, Baban Sadiya, kuma wanda ka yi wa ba ya nan." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na shanye ruwan don ban san abin da zan yi da kofin ba.

Ba a kore ni daga shafin ba, ba su da wannan al'ada. Ina nan ina amsa tambayoyi da layi ɗaya, faɗan dai ya ragu. Sabo na koyar da ajinsa duk wata, kuma in ya kakare yakan aiko min da tambaya a ɓoye, in ba shi amsa, ya je ya faɗa a gaban allo. Layukana biyu suna nan a saman tarihin, ɗaya a kan ɗaya, duk wanda ya ga dama ya karanta. Na tambayi Malama Hajara ko ana iya cire su. Ta ce ana iyawa, amma cirewar ma sai an rubuta wanda ya nema.

A shekaruna mutum ba ya koyon abu da yawa, kuma ba zan yi ƙaryar na zama waliyyi ba. Har gobe ina jin haushin masu takarda. Abin da na ɗauka guda ɗaya ne: in har za ka sa hannu a aljihun abokinka, ka fara laluba naka. Wataƙila ya daɗe da saka maka abin a ciki, kai ne ba ka duba ba.